Karon Manyan Motoci da Gajerun Gadoji da Dokar Ƙayyade Tsayin Mota

1.0 Gabatarwa

Daga cikin haɗurran da ke aukuwa a kan hanyoyin mota akwai wani nau'i da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato karon da babbar mota kan yi da gadar da ta gitta ta saman hanya. A irin wannan haɗari babu mota ta biyu da za a ɗora wa laifi, kuma galibi ba birki ne ya tsinke ko taya ta fashe ba. Gada tana nan inda aka gina ta shekara da shekaru, ga kuma allo a jikinta ɗauke da adadin ƙafa ko mitar da ke ƙarƙashinta, amma sai direba ya tunkare ta da motar da ta fi ƙarfin wurin. Kafin ya ankara saman motar ya yaye, kaya sun tarwatse a kan titi, wani lokaci ma har a rasa rayuka.

Wannan darasi zai yi bayani a kan dalilin samuwar gajerun gadoji, da abubuwan da ke haddasa karo da su, da illolin da ke biyo baya, da kuma matakan da hukumomi ke ɗauka. Abin da ake so ɗalibi ya fahimta shi ne, al'amarin gaba ɗayansa ya rataya ne a kan lambobi biyu: tsayin mota da ratar gada. Direban da ya san lamba ta farko, ya karanta ta biyu, ya kwatanta su kafin ya iso, ba zai yi karo da gada ba.

2.0 Ma'anar Tsayi da Rata

A Hausa kalmomin "tsawo" da "tsayi" suna iya nufin nisan abu a kwance, suna kuma iya nufin nisansa a tsaye. Idan aka tambayi direban tirela tsawon motarsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne nisan da ke tsakanin kan motar da ƙarshen bodinta. Don kauce wa wannan harshen damo, a wannan darasi "tsayin mota" yana nufin nisan da ke tsakanin ƙasan taya da ƙololuwar abin da ya fi komai bisa a jikin motar, ko rufi ne, ko kaya, ko mutumin da ke zaune a kan kayan. "Ratar gada" kuwa ita ce sararin da ke tsakanin fuskar kwalta da ƙasan gadar.

Ana auna waɗannan abubuwa da ma'auni iri biyu. Amurka tana amfani da ƙafa da inci, Birtaniya tana haɗa ƙafa da mita a kan allunanta, mafi yawan sauran ƙasashe kuma mita kaɗai suke sawa. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, wato santimita 30.48. Tirelar ɗaukar kaya a Amurka tsayinta yakan kai ƙafa 13 da inci 6, kimanin mita 4.11. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar da aka amince wa motar da ke ƙetare iyakoki ita ce mita 4. Motar bas mai hawa biyu irin ta birnin Landan takan kai wajen mita 4.4. Kwantenar da ake saukewa daga jiragen ruwa iri biyu ce: gama-gari mai tsayin ƙafa 8 da inci 6, da kuma doguwa mai ƙafa 9 da inci 6. Bambancin ƙafa ɗaya tak da ke tsakaninsu ya isa ya sa direban da ya wuce lafiya jiya ya maƙale yau a ƙarƙashin gada guda.

3.0 Dalilin Samuwar Gajerun Gadoji

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa tun farko aka gina gadar da mota ba za ta iya bi ta ƙarƙashinta ba? Amsa ita ce, da yawa daga cikin waɗannan gadoji sun girmi motocin da ke karo da su. Akasarin gadojin jirgin ƙasa na Birtaniya an gina su ne a ƙarni na 19, lokacin da keken doki da amalanke ne manyan abubuwan hawa a kan titi. Daga baya motoci suka yi ta ƙara girma, ita kuwa gada ba ta girma.

Gyara irin wannan gada ba abu ne mai sauƙi ba. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, saboda haka idan za a ɗaga gadarsa, dole a ɗaga layin dogo tun daga nesa ta kowane ɓangare, a kuma gyara mahaɗu da tashoshin da ke kusa, a tsayar da zirga-zirgar jirage har aiki ya ƙare. Idan kuma aka ce a haƙe titin a zurfafa shi, sai a ci karo da bututun ruwan sha, da magudanun ƙazanta, da wayoyin da ke binne, ban da cewa wuri mai zurfi matattarar ruwa ne a lokacin damina. Wannan ne ya sa hukumomi kan bar gadar yadda take, su ƙayyade tsayin motar da za ta bi, su kafa alluna.

4.0 Misalin Gadar Durham

Gadar da ta fi shahara a wannan fage tana birnin Durham na Jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Gadar jirgin ƙasa ce da aka gina a shekarar 1940 a saman titin Gregson, ratarta kuma a da ƙafa 11 da inci 8 ce, wato mita 3.56. Saboda yadda take yaye rufin motoci kamar yadda ake buɗe gwangwanin madara, mutanen garin suka yi mata laƙabi da mabuɗin gwangwani. A shekarar 2008 wani mutum mai suna Jürgen Henn, wanda ofishinsa ke kallon wurin, ya kafa kyamara yana ɗaukar duk karon da aka yi. Kafin shekarar 2019 ya ɗauki hoton karo fiye da 100.

Abin lura shi ne, babu irin gargaɗin da ba a yi ba a wannan wuri. An kafa alluna tun daga nesa. Kamfanin jirgin ƙasa ya gitta wani ƙaton ƙarfe a gaban gadar domin mota ta daki ƙarfen a maimakon gadar. A shekarar 2016 aka sa na'urar da ke gane motar da tsayinta ya wuce ƙa'ida, ta kunna jar danja, ta kuma haska rubutun da ke umartar direba ya karkata zuwa wani titin. Zurfafa titin bai yiwu ba saboda wata tsohuwar magudanar ƙazanta da ke ƙarƙashinsa. A watan Oktoba na shekarar 2019 aka ɗaga gadar da inci 8, ratarta ta koma ƙafa 12 da inci 4, wato mita 3.76. Duk da haka an ci gaba da karo da ita, ko da yake ɓarnar ta ragu.

Da yawa daga cikin motocin da suka maƙale a nan na haya ne, irin waɗanda mutum kan karɓa na yini ɗaya don ya kwashe kayan gida. Mutumin da ya saba da ƙaramar mota, idan ya shiga babba, hannunsa yana kan sitiyarin babbar ne, amma tunaninsa yana cikin ƙaramar. Haka abin yake a titin Storrow na birnin Boston, inda ratar wasu gadoji ba ta wuce ƙafa 10 ba. A farkon watan Satumba na kowace shekara, lokacin da ɗalibai ke sauya masauki, motocin haya kan maƙale a can, har mazauna birnin suka ƙirƙiro aikatau daga sunan titin, mai ma'anar cusa mota ƙarƙashin gadar da ta yi mata kaɗan.

5.0 Musabbabin Karo

Idan aka yi nazarin waɗannan haɗurra za a ga musabbabinsu bai wuce waɗannan ba:

(a) Rashin sanin tsayin mota. Wannan shi ne uwa uba. Lamba a jikin allo ba ta da amfani ga wanda ba shi da wata lambar da zai kwatanta ta da ita. Kuma tsayin mota ba abu ne tsayayye ba. Yakan canja idan aka sauya bodin tirela, ko aka ɗora wani irin kaya. Motar da aka sauke wa kaya takan ɗan ɗaga sama saboda nauyin da ke danne ta ya tafi.

(b) Mantuwa. Direban tifa kan juye yashi ya tashi bai sauke bodi ba. Haka nan akan ɗora motar haƙa a kan tirela ba a lanƙwasa hannunta yadda ya kamata ba.

(c) Baƙuwar hanya. Direban da aka karkatar da shi daga hanyar da ya saba, ko wanda ya ɓata, hankalinsa yakan koma kan neman hanya, ya daina duban alluna.

(d) Dogaro da na'urar nuna hanya. Taswirar da ke cikin wayar hannu galibi don ƙananan motoci aka tsara ta. Takan zaɓi hanya mafi kusa ba tare da la'akari da tsayin motar da ke biye da ita ba.

(e) Yanayin gada da na titi. Gada mai siffar baka ta fi rata a tsakiya, gefunanta kuma sun fi ƙasa, don haka motar da za ta wuce ta tsakiya lafiya tana iya karo idan ta raɓi gefe. Idan titi ya gangara ya sake haurawa a ƙarƙashin gada, doguwar tirela ba ta sauka cikin kwarin gaba ɗayanta. Tayoyin gaba da na baya suna kan tudu, tsakiyarta kuma ta tashi sama. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa ba a kankare ba, rata ta ragu ke nan, kuma idan ba a sake aunawa an canja allo ba, allon ya koma yana faɗin abin da ba haka yake ba.

(f) Gudu da gajiya. Mai gudu ba ya samun sukunin karanta allo, balle ya tsaya. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa idan gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin karonta yakan ninka sau huɗu.

6.0 Illolin Karo

Illa ta farko kuma mafi muni ita ce asarar rayuka, musamman idan motar fasinja ce. A watan Satumba na shekarar 1994, a birnin Glasgow na Sikotilan, wata motar bas mai hawa biyu ɗauke da 'yan mata 'yan ƙungiyar sikawut da ke dawowa daga yawon shaƙatawa ta yi karo da gadar jirgin ƙasa, mutum biyar suka rasu, yara uku da shugabanninsu biyu. A watan Satumba na shekarar 2010, kusa da birnin Syracuse na Jihar New York, wata bas mai hawa biyu da direbanta ya kauce hanya ta daki gada mai ratar ƙafa 10 da inci 9, fasinjoji huɗu suka mutu. A irin wannan karo waɗanda ke zaune a kujerun gaba na hawan sama su ne abin ya fi shafa.

Illa ta biyu ita ce lalacewar gadar kanta. A ranar 23 ga watan Mayu na shekarar 2013, wata tirela mai ɗauke da kayan da suka wuce ƙa'ida ta daki ƙarafan saman wata gada da ke kan kogin Skagit a Jihar Washington ta Amurka. Ƙarafan sun fi ƙasa ta wajen gefe, tirelar kuwa a hannun gefen take tafiya. Nan take wani sashe na gadar ya rufta cikin kogi tare da motoci biyu. An ceto mutum uku da ransu, amma babbar hanyar da ta haɗa Amurka da Kanada ta yanke na tsawon makonni.

Idan gadar jirgin ƙasa ce, hatsarin ya fi haka ɓoyuwa. Karo yana iya gusar da layin dogo kaɗan, gusawar da ido ba zai gani daga ƙasa ba, amma ta isa ta kautar da jirgi. Saboda haka a Birtaniya, da zarar an daki gada, akan tsayar da jirage ko a rage musu gudu har sai injiniya ya duba. Kamfanin Network Rail mai kula da layin dogo a ƙasar ya ƙirga karo fiye da 1,800 a shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022, wato kimanin sau biyar a kowace rana. Kowanne daga cikinsu yana nufin fasinjojin da suka makara, da titin da aka rufe, da kuɗin gyara, da direban da wataƙila ya rasa aikinsa.

7.0 Matakan Kariya

Mataki na farko shi ne alama. Bisa ga yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a birnin Biyana a shekarar 1968, alamar ƙayyade tsayi da'ira ce mai jan baki, da lamba a tsakiya, da ƙananan kibiyoyi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da'ira mai jan baki hani ce, wanda ya saɓa mata ya karya doka. Alama mai kusurwa uku kuwa gargaɗi ce. A Birtaniya duk gadar da ratarta ta gaza ƙafa 16 da inci 6, wato mita 5.03, akan sa mata alama, kuma doka ta wajabta cewa motar da tsayinta ya haura mita 3 a rubuta tsayin a cikin ɗakin direba, inda idonsa zai riƙa gani.

Mataki na biyu shi ne gargaɗin da ke shiga ta kunne ko ya tare ido. A birnin Melbourne na Ostireliya akwai gadar titin Montague mai ratar mita 3 kacal. Bayan wata motar bas ta yi karo da ita a watan Fabrairu na shekarar 2016, fasinjoji suka jikkata, sai aka kafa ƙarafa a hanyoyin da ke zuwa gare ta, aka rataya musu wasu faifai masu lilo waɗanda ke bugun rufin duk motar da ta wuce ƙa'ida, don ƙarar ta farkar da direba. A birnin Sidni kuma, a bakin hanyar da ta bi ta ƙarƙashin tashar jiragen ruwa, an yi dabarar sako ruwa kamar labule, a haska alamar tsayawa a jikinsa, ta yadda direba zai ga kamar bango ne ya tsaya a gabansa.

Mataki na uku shi ne shingen ƙarfe mai tare mota da ƙarfi. Wannan yana kare gada, amma shi ma yana da nasa hatsarin. A watan Yuni na shekarar 2019, wata motar bas da ta taso daga ƙasar Oman ɗauke da mutanen da ke dawowa daga hutun ƙaramar salla ta shiga hannun da ba na manyan motoci ba a birnin Dubai, tana gudun da ya ninka ƙa'idar wurin, ta daki irin wannan shinge. Mutum 17 suka rasu, 12 daga cikinsu 'yan ƙasar Indiya.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗaga gada ko zurfafa titi. Shi ne mafi tsada, kuma misalin Durham ya nuna cewa ko shi ba ya kawar da matsalar baki ɗaya, domin kowace rata aka bayar akwai motar da ta fi ta.

8.0 Yadda Al'amarin Ya Shafe Mu

A da, direban da ya tashi daga Kano zuwa Katsina ko Zariya ba abin da ke gitta masa ta sama sai wayar lantarki da rassan bishiya. Daga shekarun 2010 zuwa yau abin ya canja. An gina gadojin sama da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Gadon Ƙaya da Dangi a birnin Kano, an gina a Kawo a Kaduna, ga kuma gadojin masu tafiya a ƙafa a manyan titunan Abuja da Legas. A Legas ma an kafa shingayen ƙarfe a bakin gadar Ojuelegba don hana tireloli hawa, saboda yawan faɗowar kwantena daga kanta.

Sai dai al'adar lodi ba ta canja tare da hanyoyin ba. Har yanzu a tasha akan auna kaya ne da abin da mota za ta iya ja. Akan jibga buhunan gawayi ko katifu ko kwanduna har su zarce bodi nesa, a ɗaure da igiya, sannan 'yan ci-rani su hau sama su zauna. Ba mai ɗauko awo bayan an gama lodi. A irin wannan mota kan mutum ne ƙololuwar tsayi.

Akwai kuma batun karanta alamar kanta. Allon yana magana da mita, alhali mutanenmu da ƙafa suka saba auna fili da katako. Direban da ya ƙetara zuwa Maraɗi ko Damagaram zai tarar an rubuta 3,5 da waƙafi bisa tsarin Faransanci, a inda ya saba ganin 3.5 da ɗigo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana da alhakin wayar da kan direbobi, amma yawancin direbobi da yaran mota na gobe suna zaune yau a ajin firamare. Malamin da ya koya wa yaro bambancin da'ira da alama mai kusurwa uku, ya kuma fita da shi waje ya auna masa mita huɗu a jikin bango, ya ba shi abin da zai yi masa amfani a bayan sitiyari.

9.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa gajerun gadoji gado ne na zamanin da motoci ba su kai girman na yau ba, kuma gyaransu yana da wuya da tsada. An ga yadda hukumomi suka bi matakai daga allo zuwa na'ura, daga na'ura zuwa shingen ƙarfe, har zuwa ɗaga gadar kanta, amma karo bai ƙare ba. Dalili kuwa shi ne, duk waɗannan matakai saƙo ne ake aikawa, saƙo kuma ba ya cika sai wanda aka aika wa ya karɓa ya fahimta. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wajibi ne ga direba ya auna motarsa bayan an gama lodi, ya rubuta adadin inda zai riƙa gani, ya san gadojin da ke kan hanyarsa kafin ya tashi, idan kuma ya yi shakka ya tsaya ya sauko ya duba.

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin tsayin mota da ratar gada kamar yadda aka yi amfani da su a wannan darasi.
2. Kawo dalilai biyu da ke hana a ɗaga gadar jirgin ƙasa ko a zurfafa titin da ke ƙarƙashinta.
3. Wane darasi za a koya daga tarihin gadar Durham?
4. Tirela mai tsayin ƙafa 13 da inci 6 ta iso gada mai ratar mita 3.8. Za ta iya wucewa? Nuna yadda ka gano amsar.
5. Tsara darasin minti 30 ga 'yan aji biyar na firamare a kan alamar ƙayyade tsayin mota.